Ranar Sa Ranata Ina Kan Titin Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, da ku mazan da ke leƙowa ku karanta a ɓoye sannan ku ce ba kwa karanta labarin soyayya. Ina ganinku.

Da yawa sun turo mini saƙo suna tambaya, "Rumaisa, anya ba ke ce muka gani a bidiyon nan ba, mai hijabi ruwan toka tana haki a gaban 'yar jarida?" Ni ce. Tunda kowa ya riga ya ƙara wa labarin nasa gishirin, bari ku ji shi daga bakina.

Shekarata ashirin da huɗu, 'yar Furana ce ni, a ƙaramar hukumar Ikara. Na yi karatun koyarwa a Zariya, fannin lafiya da motsa jiki, yanzu ina koyarwa a wata makarantar je-ka-ka-dawo. Kada ku ji motsa jiki ku ɗauka ana motsa wani jiki. A kan allo muke yinsa. Rabin filin wasanmu an shuka waken soya, ɗaya rabin awakin unguwa sun gaje shi. Ɗalibaina mata za su rubuta maka amfanin motsa jiki guda goma su cinye makin tas, amma babu wadda ta taɓa zagaya fili sau ɗaya tun da ta fara girma. Kuma babu wanda abin ya dama.

Ni ya dame ni, saboda Inna. Mahaifiyata ba ta cika shekara hamsin ba, amma bara hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Har yau tana jan ƙafar hagu. Likita ya ce ta riƙa tafiya ta rabin awa kullum. Ina za ta yi tafiyar? Daga ɗakinta zuwa madafi taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Kada wani ya ce mini ai matanmu suna aiki. Suna yi, a duƙe, a wuri ɗaya, cikin hayaƙi. Wannan gwiwa, wannan suga, waccan baya. A zo dubiya a ce Allah ya sa kaffara ne, amin, amma babu mai cewa tashi mu taka.

Shi ya sa da na ga sanarwar gudun fanfalaki na birnin Kaduna, kilomita ashirin da ɗaya, kowa na iya shiga, kuma duk wanda ya kai ƙarshe za a rataya masa lamba ko shi ne na ƙarshe, ban yi shawara da kowa ba na yi rajista a wayata. Washegari na tsaya gaban aji na ce, "Zan je, zan yi gudun da hijabina, zan kawo muku lambar mu rataye ta a kan allon nan. Daga ranar babu wadda za ta ƙara ce mini mace ba ta gudu." Suka yi ta dariya suna tafi. Na riga na yi alkawari.

To, akwai Uwaisu.

Malamin gona ne, ɗan Hunkuyi. Mun haɗu a kasuwar Makarfi ina cinikin takalmin kambas na gwanjo, shi kuma ya zo duba irin masara. Ya tsaya yana kallona ina lanƙwasa takalmin, ya ce, "Malama, wannan ciniki ne ko bincike?" Shekara ɗaya da rabi ke nan. Dogo ne, mai sanyin magana, in zai faɗi abu sai ya gyara hularsa sau biyu. Ina sonsa. Na faɗa a fili don kada a gaba wata ta ce daman ba ta damu da shi ba. Iyaye sun shiga maganar, an yi gaisuwa, saura sa rana kawai.

Ya san da zancen gudun. Dariya ya yi ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malama." Na ɗauka goyon baya ne. Ashe ya ɗauka zan gaji in bari.

Da farko a ragowar filin makaranta nake atisaye bayan an tashi, ni da awaki. Da ya rage sati uku na ga filin ba zai kai ni ko'ina ba, sai na sami doguwar hanya. Ran wata Juma'a, da na idar da sallar asuba gari ya fara haske, na sa wando mai faɗi, na ɗora riga har gwiwa, na sa hijabi ruwan toka mai tsayawa a ƙugu, na ɗaure kambas ɗina. Na toshe kunnuwana da abin sauraro. Na bi hanyar da ta ratsa gonakin rake ta nufi fadama.

Wallahi na ji daɗin gudun nan. Raɓa a kan ciyawa, ƙamshin karan masara da aka girbe, babu mai kallona. Na wuce wasu mata huɗu ɗauke da ƙorai za su tsinkar barkono. Na ga bakin Iya Ummuhani, tsohuwar maƙwabciyarmu, yana motsi. Ban ji me ta ce ba, numfashina kuma ba zai bar ni in yi doguwar gaisuwa ba. Sai na ɗaga mata hannu na wuce.

Daga baya na ji abin da ta ce. Cewa ta yi, "Ke 'yar Malam Yahuza, lafiya? Su ne?" Ni kuma na ɗaga hannu sama na ƙara wuta.

Ku da kuke birni ba za ku gane ba. A ƙauye babbar mace ba ta gudu sai da dalili. Ko gobara, ko mahaukacin kare, ko kuma abin da kowa ke tsoro a shekarun nan, wanda muke ji a rediyo yana faruwa a wasu garuruwan muna addu'a kada ya iso mu. Iya Ummuhani ta yar da ƙwaryarta ta biyo ni. Sauran ukun suka biyo ta. Masu yankan rake suka ga mata biyar a guje, suka watsar da adduna. Mai koko ta bar tukunyarta a kan hanya. Wani ya saki jakinsa da kaya.

Ni ban san komai ba. Da na kai kwalbatin fadama, inda na yanke zan juya, na juyo. Sai na ga mutum ya fi arba'in suna tunkaro ni a guje, wasu ba takalmi, wata da goyo. Su kuma da suka ga na juyo ina fuskantarsu, sai suka ɗauka abin ta gaba ya ɓullo. Suka watse cikin rake, kowa ya kama gabansa.

Na cire abin kunnena. Sai ihu da salati ko'ina. Ga 'yan sintiri uku a kan babur ɗaya da bindigogin toka.

"Ta ina suke?"

Na ce, "Su wa?"

"Waɗanda suka koro ki!"

Na ce, "Ni motsa jiki nake yi."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya kamar ta shugabansu ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Motsa me?"

Yanzu ina iya dariya. Ranar ban yi ba. Iya Ummuhani ta gurɗe a ƙafa. Mai goyon nan ta yi ta kuka har rana ta take, don ta bar yara biyu a gida ta ɗauka ba za ta ƙara ganinsu ba. Wannan laifina ne, ban musa ba. Na yi karatun jijiya da tsoka shekara uku, amma ban yi tunanin abin da gudun mace ke nufi a garin da aka haife ni ba. Na bi gida-gida na durƙusa na ba da haƙuri. Baba ya je wurin mai unguwa ya sha faɗa a kaina, da furfurarsa. Da ya dawo bai ce mini komai ba, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Da ma zagina ya yi.

Amma abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda labarin ya sauya kafin ya isa Hunkuyi. Direbobin da ke kai hatsi kasuwa suka ɗauke shi. A Ikara an ce malama ce ta firgita gari. A Makarfi an ce wata budurwa ce ta fita da asuba ba ta cikin hayyacinta. Kafin ya kai ƙofar gidan su Uwaisu ya zama yarinyar da ɗansu zai aura tana da iska, duk Juma'a aljanunta ke tashi, sai ƙarti sun danne ta.

Kun ji fa. Mace ta kwanta shekara goma da ciwon ƙafa, wannan lafiya ce, ƙaddara ce. Mace ta tashi ta yi gudu don kada ta kwanta, wannan iska ce.

Bayan kwana biyar saƙon Uwaisu ya shigo ina cikin tankaɗen garin tuwo.

"Malama, barka da yamma. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Kwana biyu shiru."

"Gida ne ya ɗan yi zafi. Amma an daidaita. Su Baffa Safiyanu za su zo sa rana ran Asabar ta sama, bayan azahar."

Na ajiye rariyar. Na duba kwanan wata sau biyu.

"Uwaisu, ran Asabar ta sama ce ranar gudun."

"Na sani."

"Ka sani, kuma ka yi shiru aka sa?"

"Baffa ne ya zaɓa. Gwaggo Juwairiyya ma za ta biyo su da kayan. Ta ce tana so ta gan ki da idonta, a zaune, a nitse. In ta gan ki lafiya magana ta mutu."

"In ba ta gan ni ba fa?"

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Har ina iya ganinsa yana gyara hula.

"Rumaisa, ki bari sai bayan biki. Ni da kaina zan kai ki baɗi."

"Baɗi za ka ce sai na haihu. In na haihu sai na yaye. Ka gaya musu ba ni da iska?"

"Na gaya musu."

"Ka gaya musu ka san da gudun tun farko, har ka yi mini addu'a?"

Har tuwo ya nuna bai amsa ba.

Baffa Safiyanu ƙanin mahaifinsa ne kuma waliyyinsa, babban ɗan kasuwar hatsi, mutumin da in ya ce a'a ba ya waiwaye. Gwaggo Juwairiyya kuma yayarsu ce, ita ce bakin gidan. In waɗannan biyun suka juya da goronsu, auren ya tafi. Ga yadda abin ya tsaya: in na zauna na karya alkawarin da na yi wa 'yan mata sittin da biyu, na kuma tabbatar musu da bakina cewa gaskiya ne, mace ba ta gudu. In na tafi, ina iya rasa mutumin da nake so.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ran Laraba da hantsi ina zagayawa da Inna a tsakar gida kamar kullum, tana dafe da kafaɗata muna ƙirga taku, sai ta tsaya wajen turmi.

"Ke, wai wa ya ce dole a gan ki ran Asabar?"

"Gwaggonsa."

"Gwaggonsa ce ta kafa garin nan?" Ta zauna a kan turmin tana mai da numfashi. "Tun da nake ban taɓa ganin an sa wa yarinya rana tana zaune a gida tana zare ido ba. Ranar da aka sa tawa, tun da safe na sulale gidan ƙanwar tsohuwata, ban dawo ba sai da aka share tabarmi. Yarinyar da dangin miji suka zo suka tarar a tsakar gida ranar sa ranarta, ita ce marar kunya. Ita Juwairiyyar da aka sa tata a gida aka same ta?"

Na zuba mata ido.

"In ta tambaya zan ce 'yata mai kunya ce, ta tafi wurin yayanta. Ƙarya na yi? Abdulrahman ba yayanki ba ne? Ba a Kaduna yake ba?"

"Inna, wannan ɓoye-ɓoyen ne ba na so. Ban yi abin kunya ba."

"Ke dai bakinki ya fi ƙafarki sauri. Je ki ki yi gudunki, ki rufe bakinki, ki dawo a ba ki mijinki. In kin shiga gidan kya yi musu wa'azin." Ta kalli ƙafarta ta hagu. "Da a ce ni ce da ƙafa biyu, da tare za mu."

Na ce ba zan taka ko'ina ba sai Baba ya yarda. Bayan la'asar na same shi a zaure yana gyara ƙotar gatari. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da abin da Inna ta ce. Bai ɗago ba.

"Kilomita nawa?"

"Ashirin da ɗaya, Baba."

"A kan me za a hau?"

"A ƙafa."

"Me ake ba wanda ya gama?"

"Lamba, ta ƙarfe, a rataya a wuya."

"Ba buhun taki ba?"

Na yi dariya da hawaye a idona. Ya jima yana buga ƙotar a ƙasa. Sannan ya ce, "Shekara talatin ina tafiya gona a ƙafa, uwarki tana ɗaki. Ni ga ni garau, ita ga ta. Na yi wannan tunanin tun ranar da ta faɗi." Ya ajiye gatarin. "Ki sauka gidan yayanki, ya raka ki ya dawo da ke tasha. Kada hijabin nan ya bar kanki. Allah ya tsare."

Ran Juma'a na shiga motar Zariya, daga can na hau ta Kaduna. Na tura wa Uwaisu saƙo layi ɗaya: "Na tafi. Ban so ka ji a bakin wani." Ya karanta. Bai amsa ba.

Da safiyar Asabar Yaya Abdulrahman ya kai ni wurin tashi a kan babur ɗinsa. Jama'a, ban taɓa ganin mutane haka ba. Dubbai. Ga wasu dogaye sirara daga ƙasashen waje suna tsalle a wuri ɗaya kamar ƙafafunsu ba sa son ƙasa. Ga 'yan Jos, ga sojoji, ga tsofaffi da furfura, ga wani ƙato da tumbinsa yana cin ayaba. Na maƙala takardar lambata a gaban hijabi da fil huɗu. Na duba hagu da dama, masu hijabi ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Wata ta kalle ni ta ce, "'Yar uwa, daga ina?" Na ce Ikara. Ta ce, "Kai! Allah ya kai mu ƙarshe."

Aka busa. Dogayen nan suka ɓace kafin in gyara numfashi.

Kilomita goma na farko lafiya lau. An rufe tituna, babu mota, babu hon, sai ƙarar takalma kamar ruwan sama a kan kwano. Mutane a gefen hanya suna tafi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ina gudu a tsakiyar titi, a bainar jama'a, kuma babu wanda ya yar da ƙwarya. Wata mai tuyar ƙosai ta miƙe da matsaminta a hannu tana ihu, "Hajiya mai hijabi, kada ki ba mu kunya!"

A kilomita na sha huɗu rana ta buɗe. Hijabin ya jiƙe ya manne a bayana. Kambas ɗin gwanjo ya fara cin ɗan yatsana, na ji wurin ya fashe. A sha bakwai, wajen hawan gada, ƙafafuna suka zama itace. Na koma tafiya. Zuciyata ta ce, ke Rumaisa, kin bar mijin aure a gida kin zo nan ki mutu a kan kwalta saboda ƙarfe? Sai na tuna taku goma sha ɗaya. Na ce to, sha ɗaya kawai zan yi. Na yi. Na ƙara sha ɗaya. Haka na riƙa ƙirgawa daga ɗakin Inna zuwa madafi, daga madafi zuwa ɗaki, har na hango ƙofar filin wasa.

Awa biyu da minti hamsin da ɗaya. Waɗanda suka ci kyauta sun daɗe da yin wanka. Wata yarinya ta rataya mini lambar, mai nauyi, da zare kore. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Da a nan na tashi na tafi tasha, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ina zaune sai ga wata 'yar jarida da mai ɗaukar hoto. Ta durƙusa ta ce, "Sannu 'yar uwa. Za ki yi mana magana da Hausa? Sunanki da garinku kawai, da abin da ya kawo ki."

Yaya Abdulrahman ya girgiza mini kai daga bayanta. Muryar Inna ta dawo mini: ki rufe bakinki. Na san abin da ya kamata in ce. In ce a'a, na gode.

Amma sai na yi tunani, in na ɓoye, me zan rataya a kan allo? Lambar da na sato? In ce wa 'yan matan nan ku yi gudu, amma kada kowa ya sani? Na miƙe tsaye.

"Sunana Rumaisa Yahuza, daga Furana, ƙaramar hukumar Ikara. Na zo da izinin mahaifina. Lafiyata ƙalau, ba ni da iska, ba ni da aljani ko ɗaya. Iyayenmu mata suna mutuwa a zaune muna cewa ƙaddara. A nome gona a bar mana filin makaranta. Kuma ina gaida Iya Ummuhani, Allah ya ba ta lafiyar ƙafa, don wallahi ranar nan ta kusa wuce ni."

Yaya ya dafe kai. "Shi ke nan. Kin kashe mu."

Ƙarfe goma sha biyu na shiga mota. Ina tafe ina duba waya, ba komai. Mun wuce Zariya, wajen uku saura, sai saƙonni suka fara shigowa kamar an ɓalle famfo. Ɗalibaina, ƙawayena, har shugaban 'yan sintiri. An sa bidiyon a Fesbuk, wani ya tura shi zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Hunkuyi. Baffa Safiyanu yana cikin zauren.

Ƙanwata ta kira ni tana raɗa daga bayan rumbu. Ta ce baƙi sun iso da goro da alewa da tabarmi. Gwaggo Juwairiyya ta tambayi inda nake, Inna ta ce mai kunya ce, ta tafi wurin yayanta, Gwaggo har ta ce madalla, haka ake so. A zaure an gama gaisawa, an fara maganar wata, liman ya gyara zama zai yi addu'a. Sai wayar Baffa ta yi ƙara. Ya duba. Muryata ta cika zauren, tun daga sunana har zuwa Iya Ummuhani.

"Sai me?"

"Sai ya ce a mayar da goron cikin mota."

Na jingina kaina da gilashi. Lambar tana cikin jakata, na ji nauyinta a cinyata. Ban yi nadamar abin da na faɗa ba, kada ku ce na yi. Amma na yi kuka daga nan har Ikara, wata tsohuwa a gefena tana ta ba ni haƙuri ba ta san a kan me ba.

Na sauka a tasha ana kiran la'asar, ina ɗingishi. Ina neman ɗan acaɓa sai na ji an ce, "Malama."

Uwaisu ne, cikin farar shadda, da gumi a goshi. Shi ya tuƙo su Baffa daga Hunkuyi, ya zauna cikin mota a ƙofar gidanmu kamar yadda ango ke yi.

Na ce, "In sallama ka zo yi, yi da sauri, ƙafata na ciwo."

Ya gyara hularsa. Ya sake gyarawa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin mota.

"Baffa ya ce in tayar mu tafi. Na ce zan kama ruwa. Na bi ta bayan masallaci na hau acaɓa."

"Kana nufin suna can..."

"Awa ɗaya da rabi. Babu mai tafiya Hunkuyi sai kin iso." Ya duba wayarsa. "Baffa ya kira ni sau tara. A na tara na ɗauka. Na ce masa na san da gudun tun ranar da kika yi rajista, kuma na yi miki addu'a. Ya kamata in faɗa tun sati biyu da suka wuce. Ki yafe mini."

"Me ya ce?"

"Ya ce in kawo masa makullinsa da marar kunyar tawa."

Muka hau babura biyu. Tun daga bakin Furana yara da mata ke leƙe ta katanga. Motar su Baffa na tsaye ƙofar gidanmu, ƙullin goro a kan but ɗinta, don but ɗin a kulle yake. Iya Ummuhani na zaune a dakalinta da ƙafa a ɗaure. Ta ɗaga sandarta ta ce, "Ke ja'ira, ni kika kai gidan rediyo? To ai da ban yi tuntuɓe ba da kin sani!"

Inna na tsaye a bakin ƙofar cikin gida, dafe da bango. Taku talatin ne daga ɗakinta zuwa nan, ban taɓa ganin ta yi su ita kaɗai ba. Ta harare ni.

"Na ce ki rufe bakinki."

"Na kasa, Inna."

"Na sani. Ina abin?"

Na ciro lambar daga jaka. Ta karɓa da hannunta mai lafiya, ta juya ta, ta auna nauyinta. Na ɗauka cikin zaninta za ta soke ta. Sai ta ce in sunkuyo, ta rataya mini ita a kan hijabi, ta gyara zaren ya zauna daidai.

Na tsaya a bakin zaure. Takalman manya jere a ƙofa. Daga ciki ina jin muryar Baffa Safiyanu yana cewa shi a gidansu ba a taɓa yi ba, kuma ba za a fara a kansa ba. Uwaisu ya cire takalminsa ya tsaya a gefena, makullin a hannunsa. Na kai hannu zan tura lambar cikin hijabi, ko don girman manya. Na yi sallama.

Sai muryar Baba, a nitse, irin wadda yake kiran shanunsa da ita.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Rumaisa. Bar lambar a kan hijabin, Alhaji Safiyanu ya gani. Ni na ba ki izini."